Daga Hijira zuwa Sawaba

A birnin Makka, wajen yamma da Masallacin Harami, akwai wani titi da ake kira Mansur. Alhajin da ya fito daga Kano ko Maraɗi, in ya gaji da cimar baƙunta, can yakan nufa, don ya san zai sami tuwo da tsire, ya kuma yi ciniki da Hausa kamar yana Kasuwar Kurmi. Larabawa na ce da mutanen wannan wuri Takarna, daga sunan Takrur, wata tsohuwar daula ta bakin kogin Sanagal. Hausawa kuwa suka mai da kalmar Takari. Da yawansu a nan aka haife su, aka haifi iyayensu, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, sai dai sunan zuriya ya nuna asali: wannan Hausawi, wancan Fallata, wancan Barnawi. Aikin faɗaɗa birnin ya ci gidaje masu yawa a waɗannan unguwanni, amma harshen bai ɓace ba.

Galibin kakanninsu aikin hajji ya kawo su. Sukan taso da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi ƙodago shekara biyu ko biyar, su sami guzuri, su ƙara gaba, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Amma akwai waɗansu da suka taso saboda wani dalili dabam. Su ne waɗanda suka ce ba za su zauna ƙarƙashin Nasara ba. Nasara kalmar Larabci ce mai nufin Kirista, da ita kuwa mutanen wancan zamani suka fi kiran Turawa.

Ga yadda abin ya faru. Ran 3 ga watan Fabrairu 1903 sojan Ingilishi suka ci Kano, ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Tun kafin su iso malamai suke ta shawara a kan abin da ya wajaba ga Musulmi in wanda ya fi su ƙarfi ya zo musu: a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a tashi a bar masa ƙasar. Masu cewa a tashi suna da hujja mai ƙarfi. Annabi ya yi hijira daga Makka zuwa Madina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin 1804, ya kuma wallafa littafi a kan wajabcin hijira. Har wa yau akwai wani tsohon zance tun zamanin Shehu, cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta ƙaura gabas, wajen kogin Nilu, ta sadu da Mahadi. Saboda haka da aka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai miƙa wuya ba, sai ya ɗauki tuta ya nufi gabas, da niyyar Makka.

Abin da ya ba Turawa mamaki shi ne yawan waɗanda suka bi shi. Sun zaci talakawa za su yi murna da faɗuwar sarakunan Filani, sai ga manoma suna barin gonaki gab da damina, suna ɗaure kaya, suna bin sawunsa da mata da yara. Turawa suka ga in aka ƙyale wannan tafiya ƙasa za ta zama kango, suka tura soja. A Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe, aka yi karo na ƙarshe ran 27 ga Yuli 1903. Aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa, aka kuma kashe Manjo Marsh, shugaban sojan Ingilishi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Waɗansu suka wuce har Hijaz. Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda tun farko ya gudo wa Faransawa daga yamma, yana cikin waɗannan. A Madina ya zauna yana karantarwa har ya rasu cikin 1931.

Waziri Buhari kuwa komawa ya yi Sakkwato, ya yi sulhu. Daga baya ya rubuta wasiƙa zuwa ga malamai yana bayyana dalilinsa: in kowa ya tashi, wa zai tsaya wa raunana waɗanda ba su iya tafiya? Tun da Nasara sun ce ba za su hana salla da azumi ba, ya halatta a bi su da baki, a bar zuciya inda take. Mai karatu kada ya yi saurin cewa wannan tsoro ne, wancan jaruntaka. Kowannensu littafi ya buɗe ya kafa hujja, kuma bisa ra'ayin Waziri aka zauna shekara hamsin da bakwai a Nijeriya ta Arewa.

Abin lura a nan shi ne, da mai hijira da mai sulhu duk tambaya ɗaya suke amsawa, watau yaya Musulmi zai tsare addininsa. Ba wanda ya yi zancen ƙasa mai iyaka da tuta da majalisa, wadda baƙo zai fita ya bar wa 'ya'yanta. Wannan tunani sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shigo, a bakin waɗanda suka yi karatu a makarantun Turawan kansu. Kalmar da suka ɗauka kuwa ita ce sawaba.

Asalin kalmar Larabci ne, inda take nufin abin da ke daidai. A Hausa ta koma nufin sauƙi bayan wuya. Majinyaci in ciwo ya sake shi, ya sami sawaba. Hatsi in ya yi araha a kasuwa, ya yi sawaba. Da aka kafa jam'iyyar N.E.P.U. a Kano ran 8 ga Agusta 1950, sai ta sa wa takardar manufofinta wannan suna, ta ce akwai jayayya tsakanin masu sarauta da talakawa, kuma talakawa ne za su ƙwaci kansu. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta cikin 1953. Kalmar ta bazu, har ta zama laƙabin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka ɗaure sau da yawa saboda siyasa. Iyakar da Ingilishi da Faransawa suka ja ba ta hana fatake da direbobi zirga-zirga tsakanin Kano da Damagaram, ko Katsina da Maraɗi ba, don haka ba a daɗe ba kalmar ta tsallaka. A can ƙasar Nijar ne ta zama sunan jam'iyya sosai, a can ne kuma aka kai zancen har ga bindiga.

Shugaban wannan jam'iyya, Jibo Bakari, ba Bahaushe ba ne. Bazabarme ne, an haife shi cikin 1922 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai. Amma a Tawa ya yi ƙuruciyarsa, ya tashi da Hausa a bakinsa, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya, gama Hausawa su ne suka fi yawa a ƙasar. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Sanagal, inda Faransawa ke horon malamai da akawuna na dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma. Ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Wani abin mamaki, babban abokin hamayyarsa, Jori Hamani, ɗan'uwansa ne, ƙauyensu ɗaya, makarantarsu ɗaya, sana'arsu ɗaya. Jori ya girme shi da shekara shida.

Sai an san irin mulkin da suka tashi a ciki kāna a gane zafin maganarsu. Faransawa sun shigo ƙasar da wuta. Rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garuruwa cikin 1899, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. A shekarar nan aka ci Damagaram. Bayan haka Kumandan ne mai ƙasa, sarki kuwa ɗan aikensa ne, mai tara haraji da mutanen aikin tilas. Akwai wata doka da ta ba Bature ikon ɗaure baƙin mutum kwanaki ba tare da shari'a ba. Ba a soke wannan doka da aikin tilas ba sai 1946.

A wannan shekara aka kafa jam'iyya ta farko a Nijar, P.P.N., ta kuma shiga babbar ƙungiyar R.D.A. wadda aka ƙulla a Bamako cikin Oktoba 1946, ƙarƙashin Hufuwe Buwanyi na Kwaddebuwa. Jibo ya zama sakatarenta. A majalisar Faris wakilan R.D.A. suna tare da jam'iyyar Kwaminis ta Faransa, don ita ce mai goyon bayansu a kan zancen mulkin mallaka. Gwamnati ta matsa musu lamba saboda haka, aka ɗaure waɗansu, aka kori waɗansu daga aiki. Cikin 1950 Hufuwe ya ga wahalar ta yi yawa, ya raba gari da Kwaminis, ya nemi shiri da gwamnati. Jori ya bi shi. Jibo ya ƙi, ya ce wannan sayar da jama'a ne. Nan hanyarsu ta rabu, ba ta kuwa sake haɗuwa ba.

Da ya fita, sai ya koma wajen ma'aikata. Ya shiga aikin ƙungiyoyin ƙodago, yana tara lebura da masu aikin lambu, yana koya musu yajin aiki. Cikin 1954 ya kafa tasa jam'iyya, U.D.N., wadda jama'a suka riƙa kira Sawaba. Alamarta raƙumi, ta R.D.A. kuwa giwa. Mutanenta su ne waɗanda suka bar ƙauye suka shigo gari, ba su zama manya ba, ba su kuma koma gona ba: direbobi da yaran mota, teloli, mahauta, 'yan tireda, masinjoji, ma'aikatan gidan waya, da 'ya'yan bayi waɗanda suka gaji da a tuna musu asali. Direba ya fi kowa amfani a nan. Yau yana Yamai, jibi yana Maraɗi, gata yana Damagaram, duk tashar da ya tsaya ya sauke labari tare da kaya. Cikin manyan jam'iyyar akwai Usman Ɗan Galadima, mutumin Madawa, da Abdullahi Mamani na Damagaram, wanda daga baya ya wallafa littafi a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet.

Ra'ayin Jibo bai da wuyar faɗi. A ganinsa mulkin mallaka ciniki ne kafin ya zama kome. Manomin Maraɗi ya noma gyaɗa, kamfanin Faransa ya yanka mata kuɗi, ya kai ta Marsai, ya dawo da atamfa da sabulu ya sake yanka musu kuɗi. Sarki ya karɓi haraji, Kumandan ya tsare sarki. In aka sauke tutar Faransa aka bar wannan tsari yadda yake, to, talaka bai sami sawaba ba, an dai sake wa jaki akumari ne. Wannan fassara daga littattafan Markus ya samo ta, ta hannun ƙungiyoyin ƙodago na Faransa, amma bai fito yana jayayya da addini ba. Mabiyansa masu salla ne, da malaman allo a cikinsu, kuma kalmomin da suke ji a bakinsa, zalunci da adalci da haƙƙin talaka, sun riga sun san su daga wa'azi. Abu na biyu, yana ganin ƙasa kamar Nijar, marar teku, mai yawan hamada, ba za ta iya tsayawa ita kaɗai ba. Don haka ya so ƙasashen Afirka ta Yamma su sami mulkin kai a dunƙule, kada a yayyanka su ƙanana yadda kowace za ta koma roƙon Faris.

Sai dai ya yi wani ƙulli wanda ya kai shi sama da sauri, ya kuma sauko da shi da sauri. Cikin 1956 ya haɗa jam'iyyarsa da B.N.A., wadda ta ƙunshi sarakuna da 'ya'yan sarauta, irin su Isufu Saidu Zarmakwai na gidan sarautar Doso. Jam'iyyar talakawa ke nan ta auri jam'iyyar sarakuna, don talakan gari yana da baki, amma ƙuri'ar ƙauye tana hannun sarki. A ƙarshen shekarar Jibo ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa. Cikin Maris 1957 haɗin gwiwar ya ci kujera 41 daga cikin 60 na majalisar ƙasa, Jibo ya zama shugaban gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Nijar, ko da yake Gwamna Bature yana bisansa. Yana da shekara talatin da biyar.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi a kan wannan kujera. Cikin Yuni 1958 Janar Dagol ya koma mulki a Faransa saboda rikicin Aljeriya, ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce kowace ƙasa ta jefa ƙuri'a ran 28 ga Satumba. Wadda ta ce i, za ta sami ikon harkokinta na cikin gida, amma soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje suna hannun Faris. Wadda ta ce a'a, ta sami mulkin kai nan take, Faransa kuwa ta janye hannunta da taimakonta duka. A taron da aka yi a Kwatano cikin Yuli, Jibo yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan mulkin kai nan da nan. Da lokaci ya yi, a Afirka ta Yamma shugabannin gwamnati biyu kaɗai suka tsaya a kan a'a, shi da Seku Ture na Gini.

To, me ya sa Gini ta fita, Nijar ba ta fita ba? Seku Ture ya riga ya soke sarautun gargajiya a ƙasarsa cikin 1957, jam'iyyarsa ta kai kowane ƙauye, ba wanda zai shiga tsakaninsa da masu ƙuri'a. Jibo kuwa bisa kafaɗar sarakuna ya hau, ya kuma ɓata musu rai da ya fara tuɓe waɗansunsu. Sa'an nan Faransa tana iya haƙura da Gini, amma ba ta iya haƙura da Nijar. Nijar tana iyaka da Aljeriya, inda ake yaƙi tun 1954. An sami man fetur a hamadar Aljeriya cikin 1956, an ga alamar yuraniyom a ƙasar Agadas cikin 1957, ana kuma shirin gwada bom a Sahara, wanda aka tayar a Raggan cikin Fabrairu 1960. Ga kuma tsoron kada Nijar mai mulkin kanta ta jingina da Nijeriya, inda 'yan'uwan Hausawanta suke. Saboda haka aka aiko da sabon Gwamna, Kolombani, ana saura 'yan makonni a yi ƙuri'a. Ya tara sarakuna ya nuna musu inda amfaninsu yake. Aka ƙaro soja, aka riƙa zagaya ƙauyuka da motocin yaƙi, aka hana 'yan Sawaba sakat. Zarmakwai da abokansa suka bar Jibo suka koma wajen masu i.

Da aka ƙidaya, masu i wajen 372,000, masu a'a wajen 102,000. Amma waɗanda aka rubuta sunansu sun kai 1,320,000, watau kusan kashi biyu cikin uku ba su fito ba sam. Mutum ya iya karanta wannan shiru yadda ya ga dama, amma da wuya a ce murna ce. Klaas van Walraven, wani masani ɗan ƙasar Holan wanda ya yi shekaru yana hira da tsofaffin 'yan Sawaba, ya fitar da babban littafi a kansu cikin 2013, yana ganin abin da Kolombani ya yi juyin mulki ne, tun da gwamnatin da jama'a suka zaɓa aka ture. Jibo ya sauka cikin Oktoba. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe cikin Disamba, Jori Hamani ya hau. Cikin Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Ran 3 ga Agusta 1960 Faransa ta ba Nijar mulkin kai, abin da ta hana shekara biyu da suka wuce, ta kuwa miƙa shi ga waɗanda suka ce ba su so a lokacin. Mutumin da ya fara nema yana gudun hijira a Bamako.

Daga nan ne labarin ya zama na ƙasa mai mulkin kanta, tambayar kuma ta ƙara wuya. Da Bature ne a kan kujera, kowa ya san abokin gāba. Yanzu baƙin mutum ne, Musulmi, ɗan'uwan Jibo. 'Yan Sawaba suka ce wannan sabon salon mulkin mallaka ne, kalmar da Kwame Nkuruma na Gana ya yayata, har ya yi littafi a kanta cikin 1965. Suna da abin nunawa: sojan Faransa suna nan a Yamai, Faransawa ne mashawarta a ofisoshin gwamnati har da na tsaro, kuɗin ƙasar a ɗaure yake da na Faransa, jam'iyya ɗaya ce tak aka yarda da ita. Mutanen Jori su ma suna da amsa. Suka ce a dubi Gini, yadda Faransawa suka kwashe kome da za su fita, ƙasar ta shiga wuya. Suka ce ƙasar da ba ta da likitoci da injiniyoyi nata, in ta kori masu taimakonta, talakan nan da ake magana dominsa shi zai fara shan wahala. Mai neman gaskiya zai tarar kowane ɓangare ya riƙe wani yanki nata. Amma wanda ya rufe ƙofar zaɓe ba shi da bakin yin mamaki in aka biyo ta taga.

Sawaba ta koma aiki a ɓoye. Kano ta zama mafaka, inda 'yan N.E.P.U. suka riƙa saukar da 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka. Jibo ya koma Akara wajen Nkuruma. Aka riƙa fitar da samari a asirce, waɗansu zuwa karatu a Rasha da ƙasashen gabashin Turai, waɗansu zuwa koyon yaƙin sunƙuru a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana. Yaron mota daga Tasawa, wanda bai taɓa wuce Kano ba, sai ga shi a Nankin yana koyon harhaɗa bindiga. Dabarar da aka koya musu ita ce ta Mawo: mayaƙi ya shiga cikin manoma ya ɓace kamar kifi a ruwa, ya wayar musu da kai, su tashi tare.

Cikin Satumba da Oktoba 1964 suka shigo ƙungiya ƙungiya, 'yan ɗaruruwa ne duka duka, ta iyakar Nijeriya da Dahome da wajen yamma. Abin bai yi kyau ba ko kaɗan. Gwamnati ta riga ta sami labari. Shekara biyar ana kama mutanensu na cikin gida, don haka gidajen da suka sa ran za a ɓoye su, da yawa ba kowa. Ƙauyen ƙasar Hausa kuma ba dajin Biyetnam ba ne. Fili ne, baƙo ba ya ɓoyuwa, kafin ya sha ruwa mai gari ya ji. Aka tayar da mutanen ƙauyuka da kwari da baka suka yi ta farautarsu. Aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kurkuku da dubban mutane, da wanda ya sani da wanda bai sani ba, da yawa kuwa ba su fito da rai ba. Ran 13 ga Afrilu 1965, a filin Idin Babbar Salla a Yamai, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti inda Jori ke zaune. Jori ya tsira, wani yaro ƙarami ya mutu. Jefa wuta cikin sahun masallata ya ɓata wa jam'iyyar suna wajen mutane da yawa waɗanda dā suke tausaya mata.

A nan ne bambancin Jibo da Malam Aminu ya fito. Su biyu duk malaman makaranta ne, duk talaka suke kira, duk kalma ɗaya suke ɗagawa. An daki 'yan N.E.P.U., an ɗaure su a kotunan alƙalai, amma ba a haramta jam'iyyar ba sai da soja suka soke jam'iyyu duka cikin 1966, don haka Malam Aminu bai bar hanyar ƙuri'a ba. Bai taɓa riƙe gwamnatin Arewa ba, amma ya rayu har ya ga jam'iyyarsa ta biyu, P.R.P., ta ci jihohin Kano da Kaduna cikin 1979, gwamnoninta suka soke haraji da jangali. Jibo ya riƙe gwamnati tun yana saurayi, aka fizge ta daga hannunsa, ya ba da umarnin yaƙi daga nesa, bisa labarin da ya riga ya tsufa. Waɗanda suka biya bashin wannan kuskure su ne direbobi da telolin da suka amsa kiransa.

Da aka ture Nkuruma cikin Fabrairu 1966, mafakar Akara ta rushe, Jibo ya koma Gini. Jori ya yi mulki har fari da yunwa na farkon shekarun 1970 suka raunana shi, Laftanar Kanar Saini Kunce ya ture shi ran 15 ga Afrilu 1974. Kunce ya saki fursunonin siyasa, ya sallami sojan Faransa, Jibo ya dawo gida bayan shekara goma sha biyar. Ba a yi nisa ba, cikin 1975, aka zarge shi da ƙulla makirci, ya sake yin shekaru a tsare. Da aka buɗe siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, Sawaba ta farfaɗo amma a rabe biyu. Jibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 1993, bai sami ko kashi biyu cikin ɗari ba, gama yawancin masu ƙuri'a ba a haife su ba lokacin da raƙumi ke karo da giwa. Ya rasu a Yamai cikin Afrilu 1998.

Zancen da ya tayar bai bi shi kabari ba. An fara haƙar yuraniyom a Arlit cikin 1971, aka yi shekaru fiye da hamsin ana gardama a kan rabon da Nijar ke samu daga kamfanin Faransa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, gwamnatin soja ta Janar Abdurrahman Ciyani ta nemi sojan Faransa su fita, na ƙarshensu suka tashi cikin Disamba na shekarar. Cikin Oktoba 2024 aka cire sunan Janar Dagol daga wani babban titi na Yamai, aka sa na Jibo Bakari.